Gajeren pon da tafiyar Sanusi

Na daɗe ina jin abin da kuke faɗi tsakaninku game da tafiyar ƙanena, babanku Sanusi, arewa. Wasunku na cewa mota na ƙwace masa, wasu na cewa matanmu ne suka haɗa mu. Na ma ji 'yar'uwarku Zali ta taɓa gaya wa mijinta cewa shi dama mutum ne mai son yawo, ko ba a yi masa komai ba sai ya tafi. Duk ba haka ba ne. Ban gyara muku ba tun tuni saboda kowace cikin maganganun nan ta fi mini sauƙin ɗauka a kan gaskiyar. Yanzu ƙarfi ya ƙare, na gaji da riƙon abin, kuma ba na so ku gaji zargin mutumin da bai yi laifi ba. Shi ya sa na zauna na rubuta da hannuna, da sunan Allah, don kada wani ya ƙara ko ya rage.

Motar akori-kura ce, irin wadda muke ce wa bashe, fara, mai shan gazuwal, ƙafafun baya kawai ke jan ta. Ni da Sanusi muka haɗu muka saye ta bayan rasuwar mahaifinmu, muka baro ƙauyenmu na wajen Gidan Amumune muka dawo Tasawa da zama, muka taho da Inna. Shekara goma sha ɗaya na ba shi. Ni ɗan fari, shi auta, kuma ni na koya masa tuƙi tun ƙafarsa ba ta gama kai ƙasan mota ba. Shekararmu kashi biyu ce. In kaka ta yi, sai mu ɗaura wa motar injin sussuka a baya, wani ƙaton ƙarfe mai ƙafa biyu da nasa injin a jiki, mu bi ƙauyuka da shi muna sussuke wa mutane hatsi. Wannan wata uku ne. Sauran wata taran muna kan kwalta, wake da gyaɗa zuwa Maradi, kayan shago a dawowa, wani lokaci har Damagaram. Tuƙin kuwa yau ni, gobe shi. Sanusi kwalta ce ransa. In ya dawo daga tafiya yakan shigo gida yana waƙa, ya zube wa Inna goro da lemo a tabarma, ya ba ta labarin duk wanda ya wuce a hanya. Ni ma a da haka nake.

Ido ya fara mini ne kamar wasa, na dama. Sai in ga gilashin mota ya yi dishi-dishi, in sa tsumma in goge, in sake gogewa, gilashi fes amma abin yana nan. Daga baya na hagu ya soma. Da safe ba laifi, amma in rana ta fuskance ni sai komai ya zama fari fat. Wata rana bayan la'asar na ɗauko buhunan wake zan kai Maradi, rana ta sauko daidai fuskata tsakanin Gazawa da Agye, ina gudu yadda na saba. Ashe akwai amalanken shanu a gabana, ɗauke da mata da suka taso daga kasuwa. Ban gan su ba sai da na ga ƙahon sa. Na murɗe sitiyari, motar ta sauka daga kwalta ta faɗa kwari, buhuna suka zube. Allah ya tsare, ko ƙwarzane babu wanda ya yi. Ina zaune a motar, sai wata tsohuwa daga cikinsu ta sauko ta zo har bakin tagata.

"Ɗana, makaho ne kai?"

Cikin fushi ta faɗa, ba ta san ta faɗi daidai ba. Da na koma gida na ce jaki ne ya gitta mini. Kowa ya yi mini barka, ban da uwarku Rakiya. Ita ta bari sai da gida ya watse, ina alwalar azahar washegari, sannan ta tsaya a kaina.

"Malam, idonka."

"Mi ya samu idona?"

"Kwana uku ina ajiye maka buta a hannun dama, kana laluben ta."

"Gajiya ce."

"To ka gaya ma Sanusi gajiyar, shi riƙa yin kwalta shi kaɗai."

Na ce mata in na ji maganar nan a bakin wani, na san inda ta fito. Ba ta sake tayar da ita ba, kuma kada ku ga laifinta, ni na rufe mata baki. Za ku tambaya me ya hana ni faɗa. Na farko tsoro. An yi wa yayan babanmu sakiyar ido a ƙauye muna yara, ɗan ganin da ya rage masa ma ya tafi, ya ƙare rayuwarsa ana jan sa da sanda. Na biyu kuwa, wanda ya fi girma, girman kai ne. Na hango kaina zaune a tasha, direbobi suna cewa Lawali ya gama, ƙanena da na koya wa riƙon sitiyari yana ciyar da ni da iyalina. Na kasa haɗiye wannan. Sai na ci gaba da karɓar ranata a kwalta, ina tafiya a hankali, ina ƙirƙiro dalilin fita da sassafe da dawowa kafin rana ta juya. Duk tafiya in sauka wuyana a ƙage, rigata sharkaf. Ina ta addu'a kaka ta zo mu shiga daji, inda ba a gudu.

Kaka ta zo. A mako na biyu muna tsallake Gulbin Kaba wajen Mayahi, inda rairayi ke da zurfi, Sanusi ne ke tuƙi, injin sussuka na baya. Motar ta kafe. Ya ja baya, ya yi gaba, ta ƙara nutsewa. Mutanen ƙauyen da ke jiran mu suna tsaye a tsallake suna kallo, shi kuma matashi ne, ransa ya ɓaci. Ya ba ta wuta sosai ya ɗauke ƙafa daga ambireyaj, wato kuloci, lokaci guda. Muka ji ƙas, ƙas, daga ƙasan motar. Inji na kuka, tayoyi tsaye. Ya kashe ta ya dafe kai. Muka bar injin sussuka a hannun maigarin wurin, muka samu kamiyo, babbar motar kaya, ya jawo mu Tasawa, garejin Bulus.

Kun san Bulus, ko da yake kun san shi da furfura. Kirista ne, dattijo a ƙaramar majami'arsu ta bayan kasuwa, kuma tun muna samari shi ke taɓa mini mota. Bai taɓa ce mini ƙarfe na da lafiya ba alhali ba shi da ita. Ya shiga ƙarƙashi ya kwance pon. Pon shi ne ƙullin nan mai kama da tukunya da ke tsakanin ƙafafun baya. A cikinsa akwai ƙarfe biyu masu haƙora da ke cizon juna, babba kamar faifai, ƙarami kamar ɗan goruba. Ƙaramin yana karɓar juyi daga kardan, sandar da ke taho da ƙarfin inji ta ƙasan mota, shi kuma ya juya babban, babban ya juya tayoyi. Bulus ya zaro hannunsa daga baƙin mai da guntayen haƙora a tafinsa, ya ce ba gyara, sai sabo, kuma babba da ƙarami tare ake sauya su. Ya tafi Maradi wajen masu tsofaffin kayan mota, bayan kwana uku ya aiko mu zo.

Da hantsi muka je. Ya shimfiɗa buhu a ƙasa ya jera mana iri uku, kowane babba da ƙaraminsa, ya ɗauko alli.

"Ku zauna in nuna maku, don kar gobe wani ya ce Bulus bai yi bayani ba. Duk ukun suna shiga motarku. Ku gode Allah ba mai jan ƙafa huɗu ba ce, da sai an sauya gaba da baya tare. Lawali, ƙirga mini haƙoran ƙaramin wanga."

Na ƙirga, goma sha ɗaya.

"Babbanshi arba'in da ɗaya. Ke nan kardan ba ya cika juyi huɗu taya ta zagaya sau ɗaya. Shi ake ce ma dogon pon. A kwalta mota za ta sheƙa, inji kwance, gazuwal kaɗan. Amma ku ɗaura mata injin sussuka cikin rairayi, ambireyaj zai ƙone kafin kaka ta ƙare."

Ya matsa ga na tsakiya.

"Wanga arba'in da ɗaya da goma, juyi huɗu da ɗan ɗori. Irin wanda ya karye ne. Ba gwani ba ne a ko'ina, amma ko'ina shina zuwa. In kun rage iskar taya cikin rairayi, kun ɗora buhuna a baya don ƙafa ta kama ƙasa, ba ku yi mishi gaggawa ba, zai kai ku shekaru."

Sannan ya dafa na ukun.

"Wanga kuwa talatin da tara da takwas, kusan juyi biyar. Gajere ke nan. Zai ja injinku, shi ja wani a bayanshi, ba za ku ji ba. Amma a kwalta, da kun kai saba'in inji zai yi ta kururuwa, shi sha gazuwal, shi yi zafi. Na kawo shi ne don ku ga bambanci, ba don ina ba ku shawararshi ba."

Tun yana magana zuciyata ta tsaya a kan na ukun. Ban yi tunanin rairayi ba, ban yi tunanin nauyin inji ba. Abin da na ji kawai shi ne ga ƙarfen da zai raba ni da kwalta ba tare da na buɗe baki na ce na kasa ba. Sanusi ya ɗan shafa dogon, na ga yana sha'awarsa, amma ya janye hannu ya ce:

"Yaya, mu mayar da irin na da. Laifina ne, na yi gaggawa. Ba zan sake ba."

"Gajere za a sa."

Ya dube ni kamar bai ji daidai ba.

"Yaya, wata uku muke ja, wata tara muna kwalta. Za mu kashe tara don uku?"

"Kai da ka karya shi, kai za ka zaɓa mana wani?"

A gaban mutane na faɗi wannan, akwai direbobi biyu da ke jiran gyara, da mai shayi. Sanusi ya tashi ya kaɗe wandonsa ya fita. Bulus ya ci gaba da goge hannunsa da tsumma har sai da mutanen suka koma harkarsu, sannan ya ja ni bayan wata matacciyar mota, ya yi ƙasa da murya.

"Lawali, da na ce ka ƙirga haƙora, da yatsa ka ƙirga, ba da ido ba."

Ya ci gaba:

"Ni makaniki ne, abin da mai mota ya ce shi zan ɗaura. Amma wanga ba gyaran mota kake yi ba. Akwai likitocin ido a Maradi, wani ɗan majami'armu an yi mishi, shina karatu yanzu ba wahala. In kai ka da kaina. In kuma ba za ka je ba, ka gaya ma ƙanenka. Yaron nan zai iya ɗaukar maganar."

"Ɗaura gajere, Bulus."

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce to. Kwana biyu ya yi yana daidaita haƙoran, yana shafa musu jan fenti yana juyawa ya ga inda suke cizo, ya kwance ya ƙara siririn ƙarfe ya mayar. Bai yi mini aikin fushi ba. Na tsakiyan kuma bai mayar Maradi ba, ya naɗe shi a buhu ya ajiye, ya ce ko zan sake tunani.

Kafin a gama ɗaurawa Sanusi ya kai maganar gaban Inna. Da safe ne, muna shan koko a tsakar gida, Rakiya na daka a gefe. Ya yi mata bayani da faifai da murfin kwano, yana juya su, yana nuna mata yadda wannan ke gudu wancan ke ja. Inna ta saurare shi har ya gama. Kun san ba ta kama sunana, ni ɗan fari.

"Ni ban san ƙarfe ba, Auta. Babba ya faɗi, ƙarami ya bi, haka na taras."

Sai ta juyo wajena.

"Kai kuma wannan, in ka san da wani abu a ƙasan maganarka, ka fito da shi yanzu."

Na ji taɓarya ta tsaya. Rakiya ba ta dube ni ba, amma ta daina dakan, tana jira. Na ce wa Inna babu komai, amfanin gida nake dubawa. Aka jima, sannan dakan ya ci gaba. Na yi wa uwata ƙarya a kan tabarmarta, kuma na sa ta danne ɗanta da bakinta a kan abin da ba ta sani ba.

Kakar nan ba mu taɓa yin irinta ba, wannan gaskiya ne. Motar ta fita daga Gulbin Kaba da inji a baya kamar ba ta ja komai. Muka shiga ƙauyukan da a da ba ma kusanta saboda tudun rairayi, daga arewacin Mayahi muka gangaro har Bawdeta. Mata na yi mana guɗa in mun shigo, don mun ɗauke musu sussukar wata guda a yini ɗaya. Hatsin da muka samu ya cika rumbu har muka ara na maƙwabta. Wata rana mun haye wani tudu da giya ta biyu, na ce wa Sanusi, ka gani? Ya ce, na gani, Yaya. Bai ƙara ba. Waƙa kuma tun daga garejin Bulus ban sake jin ta a bakinsa ba.

Da kaka ta wuce aka koma kwalta, abin da Bulus ya faɗa ya tabbata. Ranar farko na ce bayana ke ciwo, Sanusi ya ɗauki wake zuwa Maradi. Tafiyar da muke yi mu dawo kafin azahar ta kai shi har la'asar sakaliya. Sau biyu ya tsaya a hanya inji ya huce. Gazuwal ɗin da ke kai mu ya dawo da mu bai ishe shi ba. Motocin da a da yake wucewa suka riƙa wuce shi suna yi masa oda, a tasha kuma aka sa masa suna mai tarakta. 'Yan kasuwa ba su yi mana faɗa ba, kawai in sun tashi lodi sai su kira wani. Kafin tsakiyar rani ba mai neman mu sai wanda ya rasa mota. Ni kuwa na samo aikin daji, jan tankin ruwa ga masu gini, kai taki gonaki, jigilar bulo da kara. Aiki ne na tafiyar jaki, kuma idona na iya shi. Sau biyu Sanusi ya same ni ya ce na tsakiyan yana nan wajen Bulus, aikin kwana biyu ne, in kaka ta zo ma a iya mayar da gajeren in ina so. Magana ce ta hankali, ba ni da amsarta, don haka na yi masa tsawa. Na biyun har na ce masa in zaman daji ya fi ƙarfinsa, duniya da faɗi.

Gab da damina, wata safiya bayan mun dawo masallaci, ya zo ya durƙusa ya ajiye makullinsa a kan tabarmata. Ya ce ya samu tuƙin kamiyo a Agadas.

"Motar ta zama ta mutum ɗaya, Yaya. Ka riƙe. Ban zo neman komai ba, sallama na zo yi."

Ya jira. Na san jira yake in ce wani abu, ko da zagi ne. Maganar tana bakina, kalma uku ce ko huɗu, in ce masa ba na gani sosai. Na ce masa Allah ya kiyaye hanya. Inna ta raka shi har ƙofar gida tana riƙe da hannun rigarsa, ta dawo ta shiga ɗaki, ranar ba ta ci abinci ba. Bayan shekara ya aiko aka kai masa matarsa Balki da yaransa biyu, ɗakinsu ya zama wurin ajiye buhuna.

Shekara bakwai na yi a daji ni kaɗai da motar nan. Ba ku rasa abinci ba, ba ku bar karatun lakwal ba, wannan na gode wa Allah. Amma ba zan ɓoye muku ba, ban ji daɗin yini ɗaya a cikinsu ba. Ƙaiƙayi a wuya, zafin inji a ƙafa, tuƙi da ido ɗaya da rabi, sannan da ɗaya, ina sanin hanya da ramukanta ba da ganinta ba. In na tsallaka kwalta zan shiga gari sai na tsaya na kashe inji na saurara ko wata mota na zuwa. Sanusi yakan kira a salla, mu gaisa, ya ce a ba shi Inna. A shekara ta huɗu Inna ta kwanta. Na kira shi ban samu ba, yana can bayan Arlit inda waya ba ta shiga. Kwana biyar tana jinya, kuma duk wanda ya ɗaga labule sai ta ce, Auta ne? Ya iso bayan addu'ar uku. Ya je kabarinta shi kaɗai, ya kwana biyu, ya koma. Ya wuce ta gefen motar a ƙofar gida sau da yawa, ko hannu bai ɗora mata ba. A kwana biyun nan ma na samu wuri, mun zauna mu biyu a zaure, ban faɗa ba. Na ce wa kaina ba lokacinsa ba ne.

Abin da ya kawo ƙarshe ƙaramin abu ne. A wani ƙauye kusa da Bawdeta, ina ja da baya a hankali zan daidaita inji, na rushe wa wani bawan Allah gefen rumbu, da rana tsaka, mutane na ta ɗaga mini hannu ban gan su ba. Na gyara masa rumbunsa. Da na koma gida Rakiya ba ta nemi izinina ba, ta yafa mayafi ta tafi garejin Bulus. Washegari su biyu suka sa ni a gaba zuwa Maradi, wajen likitocin ido. Aikin da na yi shekaru ina gudu bai kai tsawon sauya man inji ba. Ban ji zafi ba. Da aka cire mini bandeji washegari, abin da na fara gani furfura ce a goshin uwarku, ban san ta yi ba. Na zauna a bencin asibiti na yi kuka, ma'aikaciyar na cewa kukan murna ne, kowa haka yake yi. Ba na murna ba ne. Bayan 'yan watanni aka yi wa ido na biyun.

Sai da na ƙara wata guda ina juya abin, sannan wata Juma'a bayan an sauko na kira Sanusi. Na ce ya samu wuri ya zauna. Na gaya masa komai, amalanken shanu, tsohuwar nan, abin da ya sa na zaɓi gajere. Da na gama ya ce:

"Tun yaushe, Yaya?"

"Tun kafin pon ya karye."

"Bulus ya sani?"

"Ya sani. Rakiya ma."

"Ni kaɗai ke nan, da Inna."

Na ce haka ne.

"Da ka gaya mini, ai da na tuƙa kana gefe. Ka yi ciniki da 'yan kasuwa, ni in yi hanya. Mi zai ragu gare ka?"

"Abin da ban so ba ke nan."

"Shekara bakwai ina zaton raina ni ka yi don na karya ƙarfe. Ko yanzu in na shiga rairayi da kamiyo sai na ji muryarka."

Na ce ya yafe mini. Ya ja numfashi.

"Na motar na yafe. Na garejin ma na yafe. Amma Inna ta tafi tana kirana, Yaya. Wannan ka ba ni lokaci."

Na ce na ba shi. Ya ce kuma kada in sa ran dawowarsa, ya yi gida a can, yaransa can suka sani. Na ce na gane.

To kun ji. Babanku Sanusi bai gudu ba, ba a kuma ƙwace masa mota da faɗa ba. Ni na rufe masa hanyar abincinsa da ƙarfe biyu masu haƙora don kada a ce na gaza, na bar shi ya ɗauka laifinsa ne. Motar na sayar da ita ga wani mai jan ruwa a Mayahi, an ce har yanzu tana aiki. Gonar gabas da rijiya a ƙauye rabonsa ce, ni nake noma ta, kuma duk kaka ina ɗora hatsinta a motar arewa. In na mutu ku ci gaba da haka har sai shi ko 'ya'yansa sun ce a daina. In ɗayanku ya je Agadas, ya sauka a gidansa, ya gaishe shi a durƙushe, kuma kada ya je da niyyar kare ni.

Tun daga ranar nan ni nake kiran sa duk Juma'a. Wani lokaci ya ɗauka, wani lokaci yana hanya. Mukan yi maganar ruwan sama da ciwon gwiwar uwarku, ba ma wuce nan. Makon jiya shi ya kira. Ya ce za a ɗaura auren babbar 'yarsa bayan ƙaramar salla. Bai ce in zo ba, bai ce kada in zo ba, ya dai faɗi ranar har sau biyu. Tafiya ce mai nisa ga mai baya irin nawa, kuma ban san irin tarbar da zan samu ba. Na riga na ce wa yayanku Habu ya kama mini wuri a bas, kusa da taga.